Kwalliyar Dindindin: Tsohuwar Jarfa da Sabon Suna

A shagunan gyaran jiki na manyan birane, da shafukan Instagram da TikTok, ana ta tallar abin da ake kira kwalliyar dindindin: a zana wa mace gira, ko layin kwalli, ko a rina mata leɓe, abin ya zauna ko an wanke fuska. Masu tallar suna kauce wa kalmar tatu, amma aikin bai canza ba. Allura ko ƴar aska ce take huda fata, a cusa launi a ciki.

Wannan sana'a tsohuwa ce ƙwarai. A 1991 an gano gawar wani mutum cikin ƙanƙarar tsaunukan Alps, kan iyakar Italiya da Ostiriya, wadda ta haura shekara 5,000, ɗauke da zane 61. Larabawa suna ce wa aikin washmu, mu kuma mun san shi da jarfa a hannun wanzamai. Abin da zamani ya ƙara shi ne inji: a 1891 Samuel O'Reilly ya yi rajistar na'urar tatu mai aiki da lantarki a Amurka.

Hukumomin Turai ma ba su raba biyun ba. Daga Janairun 2022 Tarayyar Turai ta taƙaita sinadarai fiye da 4,000 a cikin tawadar, kuma doka ɗaya ce ta haɗa tatu da kwalliyar dindindin. Ga kuma haɗarin allurar da ba a tsabtace ba, wadda kan yaɗa ciwon hanta nau'in B da C da cutar ƙanjamau.

Ta fuskar addini, Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya la'anci mai yin jarfa da wadda ta nemi a yi mata. Masu tallar kan kafa hujja da cewa zanen gira yana dusashewa bayan ƴan shekaru. Malamai da yawa suna amsawa cewa hukuncin yana bin yadda aka yi aikin ne. Lalle da kwalli a saman fata suke tsayawa, babu huda, babu jini.

Saboda haka ƴar'uwa, kafin ki biya kuɗi, ki tambayi mai shagon ko za a huda fata. Idan za a huda, jarfa ce. Allah Ya tsare mana addininmu da lafiyarmu.