Man giyar Hilux ɗinka ba na har abada ba ne, kuma wayarka za ta taimaka wajen canza shi

Yau za mu ɗan leƙa ƙarƙashin mota, amma kada ka wuce, don wayar da ke hannunka tana da aiki a ciki.

Idan kana da Hilux otomatik, ko kana tuƙa wa wani, ko ta yayanka ce da ake kai buhunan masara kasuwa da ita, to da wuya ba ka taɓa jin ɗaya daga cikin maganganun nan biyu ba. Ta farko: "Man giyar otomatik ba a canza shi, kamfani ya rufe shi." Ta biyu: "Ranar da ka canza shi, ranar giyar za ta mutu." Ni ra'ayina duka biyun suna kashe wa mutanenmu motoci. A canza man, a canza filta, a yi da wuri, a yi da man da ya dace, sannan a auna shi daidai. Wurin aunawar nan ne mafi yawa ake ɓata aiki, kuma nan ne waya ke shigowa.

Za ka ce ina ruwan mai gyaran waya da giyar mota? Ni ba bakanike ba ne, kuma ba zan ce ka bar bakanikenka ba. Amma abin da ke kashe waya shi ke kashe giyar otomatik: zafi da datti. Duk wanda ya taɓa buɗe wayar da aka saba barinta a caji ƙarƙashin filo ya san abin da zafi ke yi wa batir da IC. Ba rana ɗaya yake kashewa ba, a hankali yake ci.

A giyar hannu, mai shafawa kawai yake yi. A otomatik kuwa, man nan ja da ake kira ATF shi ne kusan komai. Shi ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya ta cikin kwanbata, shi ke matse faifan kuloci idan mota za ta canza giya, shi ke sanyaya ciki. Yana bin wasu siraran hanyoyi masu kama da layukan da ke jikin fanel ɗin waya, inda ɗan ƙaramin datti ya isa ya toshe hanya guda. Yana jin daɗin aiki a wajen digiri 80. Idan ya riƙa haura 110 zuwa 120 a kai a kai, sai ya fara ƙonewa, ya yi duhu, ya rasa ƙarfinsa.

Yanzu duba inda muke. Daga Kaduna zuwa Birnin Gwari, ta Buruku da Udawa, wajen kilomita 120 ne. Ga hanyar Funtuwa, ga ta Tegina, ga hanyoyin ƙauyuka irin su Randagi, Kuyello da Damari waɗanda da damina sai laka, da rani sai rairayi da ƙura. Tun da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanun Birnin Gwari a watan Nuwamba 2024 bayan sulhun da aka yi, zirga-zirga ta ƙaru, motocin da suka daɗe suna hutawa sun koma ɗaukar lodi. A-kori-kura cike da buhuna, tana tafiya a hankali cikin rami da yashi, da ranar watan Afrilu a kanta: babu abin da ke dafa man giya kamar wannan. A irin tafiyar nan kwanbata na ta zamewa, zamewar kuma ita ke haifar da zafi. Wanda ya ce man zai kai ƙarshen rayuwar mota yana maganar motar da ke gudu a kan kwalta mai santsi babu kaya. Ko a Amurka, littafin Toyota na Tacoma, 'yar uwar Hilux, cewa ya yi motar da ke jan kaya a canza mata man a mil 60,000, wato kusan kilomita 96,000. A wurina, motar da ke aiki a hanyoyinmu kada ta wuce kilomita 50,000 zuwa 60,000. Idan kuma ta hannu ka saya, ba ka san tarihinta ba, ka ɗauka ba a taɓa canzawa ba.

Kuma ka tuna, lalacewar giya a cikin garin Kaduna asarar kuɗi ce kawai. Lalacewarta a gefen dajin Kamuku da yamma, inda ba gareji, sabis kuma sai ka hau tudu, wannan wata magana ce daban. An samu sauƙi, alhamdu lillahi, amma ba wanda ke son kwana a can.

To ita maganar cewa canza mai na kashe giya, daga ina ta samo asali? Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Mutum ba ya tunawa da man giya sai mota ta fara fizga, ko ka sa D ta yi jinkiri kafin ta kama, ko inji na ihu mota ba ta gudu. A lokacin faifan kuloci sun riga sun cinye, garinsu da ke yawo a cikin tsohon man shi ke ɗan taimaka musu su kama. Ka zuba sabon mai, garin ya tafi, sai zamewar ta fito fili. Sai a ce sabon mai ne ya kashe ta. Giyar dama tana kan gargara. Kamar wanda ya kawo wayar da ruwa ya shiga wata guda da ya wuce, tsatsa ta gama cin ciki, aka wanke, ta ƙi tashi, ya ce wankin ne ya kashe ta.

Saboda haka kafin komai, a ɗiga man a kan farar takarda. Ja ko ruwan ƙasa mai haske, ba wari: canza abinka hankali kwance. Ruwan ƙasa mai duhu amma mota na tafiya lafiya: a canza, sai dai a hankali. Baƙi wuluk, yana warin ƙuna, giya na zamewa: babu man da zai gyara wannan, ka fara tara kuɗin gyara. Idan kuwa ya yi kamar an zuba masa madara, ruwa ne ya shiga, ko wajen tsallaka rafi ko daga lagireto, kuma kada motar ta ƙara tafiya sai an gano ta ina.

Abin da nake nufi da "a hankali" shi ne a tsiyaye a cika, ba a tura sabon mai da injin matsi ba. Giyar Hilux na ɗaukar wajen lita 10, amma idan aka kwance noti aka sauke kwanon ƙasa, lita 3 zuwa 4 ne ke fita, sauran na cikin kwanbata da bututu. Wannan ba matsala ba ce. Ka canza yau, ka yi tafiyar 'yan makonni, ka sake tsiyayewa ka cika. Sau biyu ko uku, yawancin man ya zama sabo ba tare da an girgiza dattin da ya kwanta ba.

Nau'in mai kuma ba abin wasa ba ne. Ba kowane jan mai ne ATF ɗin motarka ba. Hilux masu giya huɗu na da, da yawansu T-IV suke sha, wasu tsofaffi Dexron. Masu giya shida da suka fara fitowa daga 2015 WS suke sha, wanda ya fi ruwa-ruwa. Duba jikin sandar awo idan motar na da ita, ko kan notin zuba mai, ko littafin mota; a rubuce yake. Kada ka yarda a zuba maka man da aka auno daga jarka ba suna, kuma kada a rikita shi da man difaransha, wannan mai kauri ne, wani abu ne daban. Ko a Panteka ta Kaduna za ka saya ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ka duba hatimin murfi da kanka. Jabun mai da jabun caja uwarsu ɗaya.

Ranar aikin ka tsaya a wurin, kada ka bar mota ka tafi shan shayi. A fara kwance notin zuba mai tukuna kafin na tsiyayewa, don idan aka zubar da mai sannan aka tarar na sama ya cije, an shiga uku. A tari man da ya fita a auna shi. A sauke kwano, a wanke shi da mayen ƙarfen da ke manne a ciki. Laushin baƙin gari a jikinsu ba komai ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe da kake ji a yatsa alama ce mara kyau. A sa sabuwar filta da sabuwar robarta, a tabbatar tsohuwar robar ba ta maƙale a rami ba, a sa sabon gasket. Ƙananan notocin kwanon nan ba sa son ƙarfi. Yaron gareji ya ɗaure su kamar na taya, sai su karye ko kwanon ya lanƙwashe ya fara yoyo.

Yanzu ga inda wayarka ke shigowa. Sababbin Hilux ba su da sandar awon man giya, shi ya sa ake cewa an rufe su. Ba a rufe suke ba. Akwai wani ƙaramin noti a ƙasan kwano da ake buɗewa, mota a daidaitaccen wuri, inji na aiki, giya a P bayan an zagaya da ita ta kowane matsayi. Idan man ya yi yawa sai rarar ta zubo, idan ya koma ɗiga a rufe. Matsalar ita ce ATF na kumbura da zafi. Dole a yi wannan awo a wani takamaiman zafi, kusan digiri 40 a yawancinsu, ainihin adadin na cikin littafin gyaran motarka. Ka buɗe da zafi sosai, mai da yawa ya zube, ka tafi da ƙarancin mai. Ka buɗe da sanyi, ka tafi da fiye da kima, ya riƙa kumfa. Taɓa kwano da tafin hannu ba awo ba ne. Kuma a garinmu da rana tsaka lokacin zafi, man na iya kai wannan zafin tun kafin a gama shiri, don haka da sassafe ake wannan aiki.

Abin da kake buƙata shi ne 'yar na'urar nan ELM327. Ana soka ta a soket ɗin OBD mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da waya ta Bluetooth. Ka sauke manhaja irin Car Scanner ko Torque Pro ko OBD Fusion. Zafin man giya ba ya cikin abubuwan da ke fitowa kai tsaye, sai ka shiga saitin ka zaɓi Toyota, sannan ka nemo zafin ATF a jerin. Mai Android kusan kowace iri za ta yi masa. Mai iPhone ya nemi mai Wi-Fi ko Bluetooth LE, don tsohuwar Bluetooth ɗin ba ta haɗuwa da ita. Masu arha sosai wasunsu ba sa karanta bayanan giya, don haka ka gwada a motar kafin ka biya. Ka sauke manhajar inda akwai data, bayan nan ba ta buƙatar sabis. Duk wanda ya zauna a nan lokacin da aka katse layukan waya a ƙarshen 2021 ya san darajar abin da ke aiki ba intanet.

Za ka ga wasu na koyar da haɗa rami na 4 da na 13 na soket ɗin da guntun waya don fitilar D ta nuna zafi. Yana aiki a Toyota, amma ban ba ka shawara ba. Rami na 16 wutar batir ce kai tsaye, kuskure ɗaya ka ƙona fiyus ko abin da ya fi fiyus tsada. Saboda wannan wutar ne ma ya kamata ka zare na'urar idan za ka ajiye mota kwanaki.

Bayan an gama, kada ka jefa ta a aljihun mota. Bar ta a soke ranar da ka yi lodi, ka ɗora wayar inda za ka gani. Za ka lura yadda zafin ke hawa a cikin yashi da hawan tudu. Idan ka ga ya doshi 110, ka rage giya da hannu, a laka ko rairayi mai zurfi ka sa L4, kwanbata ta huta. Idan fitilar zafin man giya ta kama a gabanka, nemi wuri mai mutane ka tsaya, sa P, ka bar inji na aiki har ta mutu kafin ka ci gaba.