Ba Keken Ɗinki Ne Matsalarta Ba

Duk sanda aka tashi tallafa wa mata a karkarar Kano, waƙar ɗaya ce: wai suna zaune hannu rabbana, kulle ya kashe musu zuciya. Sai a koya musu haɗa sabulu, a raba keken ɗinki, a ɗauki hoto. Mazan ma bakinsu ɗaya da masu tallafin. Tambayi magidanci a Bici sana'ar matarsa, ya ce maka, "Ai ba ta komai, tana gida."

To wa ke matse man gyaɗa da soya ƙuli-ƙuli? Wa ke surfe, da dakan fura, da daddawa? Awakin da ake korawa kasuwar Badume, da yawansu na wa ne? Tun 1969 Baturiyar nan mai bincike, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna cewa akwai babbar kasuwa a bayan katangun gidaje: mata ke saye da sayar da hatsi daga ɗaka, yara ke kai-komo. Fiye da shekara 50 ke nan, amma har yau ana zuwa koya wa 'yar kasuwa ciniki.

Inda gizo ke saƙar shi ne gona. Suratun Nisa'i ta yanka wa 'ya mace rabin kason namiji, matar mamaci mai 'ya'ya kuwa tumuni. Ba alfarma ba ce, haƙƙi ne. Amma a ƙasa irin ta Bici, inda gona ke jikin gona babu saura, kuma kowane rabon gado ƙara tsuke ta yake yi, sai ka ji yayye na ce wa ƙanwarsu, "Bar ta a hannunmu, ke da kike gidan wani." Ko a yi mata kuɗi a farashin zumunci. In kaka ta yi a aika mata da dami biyu, ta yi godiya. Ta je kotu? Gidan wa za ta yi yaji ranar da aure ya yi tsami?

Wadda ba ta da hatsin kanta dole ta sayi na sana'arta da tsada, ribar ta ƙanƙance, sai a cike giɓin da tallan 'yarta, wadda ya kamata a ce tana aji. Mu kuma mu hau rediyo muna zagin iyaye mata kan talla.

Dagatai da limaman da ke zama wajen rabon gado sun san gonakin nan ɗaya bayan ɗaya, har iyakokinsu. Su ya kamata a fara tambaya: mata nawa a garinku ke riƙe da kasonsu?