Kiran Waya Ma Ya Koma Data, To Su Wa Za A Bari A Baya?

Ka taɓa lura kana tsaka da kallon TikTok, kira ya shigo, sai alamar 4G ta sauko ta koma H ko E? Ba wayarka ce ta lalace ba. Tsohon tsari ne ya karɓi kiran.

Tun zuwan GSM Najeriya a 2001, idan ka kira mutum, layi guda ake ware muku ku biyu, ko kun yi shiru, har sai ɗaya ya katse. Shi ya sa ake cajin minti, daga baya sakan. 4G da 5G kuwa ba su da irin wannan layin. Muryarka ake daddatsawa ƙanana-ƙanana, kowane guntu da adireshinsa, su bi hanya ɗaya da saƙon WhatsApp, a can a sake harhaɗa su. A 4G, wannan ake kira VoLTE.

Riƙe tsari biyu tsada ne ga kamfanoni: dizal, na'urori, gyara. Manyan kamfanonin Amurka sun rufe 3G a 2022. Mu ma ranar na nan tafe.

Ni da kai ba za mu ji a jikinmu ba. Amma ka tuna da Inna a ƙauye da 'yar wayarta mai tocila, da mai shagon da ke tura kuɗi ta USSD. Duk da 2G suka dogara. Ranar da aka kashe shi, Inna ba za ta same ka ba.

Don haka mu tambayi NCC tun yanzu: yaushe 4G zai isa ƙauyukanmu, kuma wa zai sauƙaƙa wa talaka kuɗin wayar?