SANA'A DA LISSAFI: Takardar neman biya, wato faktir

Ran Lahadi kasuwar Baleyara take ci. Tun da asuba motoci suke fitowa daga Yamai, tafiyar kusan kilometir 100, wasu kuma su gangaro daga Filinge da ƙasar Kurfai. Zabarmawa, Hausawa, Fulani da Abzinawa suna haɗuwa nan cikin Dallol Boso. Ana saida bisashe, hatsi, wake, tabarmi da kayan fata. Kuɗi masu yawa suna sake hannu kafin la'asar. Amma mafi yawan cinikin nan da baki ake yin shi.

A ɗauki misali. Wani mai amalanke ya yi jinga da wani ɗan kwangila, ya riƙa kai mashi tubali wurin gini. Kowane sawu jikka ɗaya da rabi. An ba shi jikka 5 kafin alƙalami. Da aiki ya ƙare, mai amalanke ya ce sawu 12 ya yi. Ɗan kwangila ya ce 10 ya sani. Aka yi rantse-rantse, aka tara mutane. Babu wanda ya rubuta komi. Ƙarshe mai amalanke ya karɓi kuɗin sawu 10, ya yi asarar jikka 3. Wataƙila ma ɗan kwangilar ba da niyyar cuta ya yi ba, mantuwa ce. Sai dai jakin da ya ja kayan sawu 12 ya ja.

Wanda ya bi makarantar yaƙi da jahilci yana da maganin wannan cikin aljihu: bik da kaye.

Faktir takarda ce da mai kaya ko mai aiki yake rubutawa, ya ba wanda ya saya. Tana cewa: ga abin da na ba ka, ga abin da nake bin ka. Rasi daban yake. Shi ana ba da shi bayan kuɗi sun shiga hannu, yana cewa: na karɓa. Mutane da yawa suna haɗa su. Wanda ya sa hannu bisa rasi tun ba a biya shi ba, ya ba da shaida bisa kansa.

A saman takarda mai aiki ya sa sunansa, sana'arsa da garinsu. Sannan sunan wanda ake bi. In akwai masu sunan da yawa, a ƙara sunan uba. A sa rana da wata da shekara. A ba takardar lamba: ta farko 1, mai bi mata 2, kada a tsallake. Daga nan sai lissafi. Na mai amalanke ga yadda zai kasance:

Kai tubali, sawu 12, kowane sawu 1.500 sefa: 18.000 sefa.
Kafin alƙalami da aka karɓa: 5.000 sefa.
Saura: 13.000 sefa.
Ranar biya: Lahadi mai zuwa.

Ranar biya tana da muhimmanci. «Bayan kaka» ba rana ba ce. «In Allah ya hore» ma ba rana ba ce. A faɗi watan, a faɗi kwanan. Ƙasan takarda duka biyu su sa hannu. Wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa, bayan wani da ya yarda da shi ya karanta mashi abin da ke ciki.

Inda aka fi faɗuwa shi ne wajen dala da sefa. A kasuwa da dala ake ƙirga, a takarda kuwa da sefa ake rubutawa. Dala ɗaya sefa 5 ce. Dala ashirin sefa 100. Dala ɗari sefa 500. Jikka ɗaya dala 200 ce, wato sefa 1.000. Saboda haka wanda ya ji «ɗari» ya rubuta 100, ya rage kuɗin sau biyar. A Baleyara abin ya fi wuya, don ciniki ɗaya ana iya fara shi da Zabarmanci a ƙare shi da Hausa. Bazabarme in ya ce «zambar fo», dala dubu yake nufi, wato jikka 5. Akuyar da aka sallama jikka 20, shi zai ce «zambar taaci», dubu huɗu. In mai rubutu ya sa 4.000 bisa takarda, mai akuya ya yi asarar 16.000 kuma da sa hannunsa. Dabara ita ce a rubuta kuɗin sau biyu: da lamba, 20.000 sefa, sannan da kalmomi, jikka ashirin. Lamba ana iya ƙara mata sifiri ko a goge. Kalma tana da wuyar taɓawa.

Haka awo. Kada a rubuta «hatsi buhu 3» kawai. Akwai buhu mai kilo 50, akwai mai kilo 100. Tiya ma ba duka ɗaya ba ce, akwai mai tozo, akwai shafaffiya. A faɗi wace iri.

Makiyaya su ma abin ya shafe su, har ya fi. A kasuwar bisashe dillali ne yake tsayawa shaida, kuma dillalin kirki ya san mai dabba da rugarsu. Wannan al'ada ce mai kyau. Amma saniyar da aka saya Baleyara tana iya kwana Yamai, dillali kuwa yana gida. A ƴan shekarun nan satar bisashe ta yi yawa cikin jihar Tillaberi. Mutum yana iya sayen bijimi da kuɗinsa na halal, bisa hanya wani ya tare shi ya ce nashi ne. Takarda mai sunan wanda ya saida, da sunan dillali, da kamannin dabbar, ita ce za ta fid da shi. A rubuta namiji ne ko mace, launinta, shekarunta, irin ƙahonta, da shaidar da ke jikinta ko a kunne. Tikitin harajin kasuwa a riƙe shi tare da takardar.

Wani zai ce rubutu tsakanin ƴan uwa rashin yarda ne. Malamai sun san aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, aya ta 282 ta Suratul Baƙara, bisa rubuta bashi da kafa shaidu take magana.

Akwai kuma masu aiki da ma'aikatu. Tun shekarar 2011 Baleyara ta zama gunduma mai zaman kanta, bayan an fid da ita daga Filinge. Ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyin taimako suna bukatar magina, masassaƙa, maƙera, teloli da masu kawo abinci. Su ba su fid da kuɗi sai da faktir, don su ma ana bin lissafinsu. Yawanci suna neman lambar shaidar mai biyan lanho, wadda ake kira NIF. Ma'aikatar haraji ce take ba da ita. Wanda ke son irin wannan aiki ya nemi lambar tun kafin ya fara, kada sai ya gama ya tsaya jira wata da watanni.

Cikin faktir ɗin manyan kantuna ana ganin TVA. Haraji ne na 19 bisa 100: kayan 10.000 su koma 11.900. Waɗannan 1.900 na baitulmali ne, mai kanti karɓa kawai yake ya kai. Ƙaramin mai sana'a da ma'aikatar haraji ba ta sa shi cikin masu karɓar TVA ba, kada ya rubuta ta bisa takardarsa don ya ga wasu suna yi. Laifi ne. Tun 2021 manyan ƴan kasuwa suna fid da faktir da na'ura wadda ma'aikatar haraji ta amince da ita. Tsakanin mai amalanke da maƙwabcinsa kuwa, rubutun hannu ya isa shaida.

In an biya ta gidan aiken kuɗi ko ta salula, saƙon da ya shigo yana nuna kuɗi sun zo, amma bai faɗi na mine ne ba. A koma bisa faktir a rubuta «an biya», da ranar.

Kowace takarda a yi ta biyu. Ana saida karne mai karbon, in babu a kwafe da hannu. Ɗaya ta mai saye, ɗaya ta mai kaya. Kada a soke ta cikin azarar ɗaki, gara tana cin ta kafin damina ta fita. A naɗe ta cikin leda, a sa cikin gwangwani mai marfi, waɗanda aka biya gefe ɗaya, waɗanda ake bi gefe ɗaya. Ran Asabar da dare a buɗe gwangwanin a duba wa za a nema gobe a kasuwa.