Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Kare Masu Saye ta Tarayya (FCCPC): Wa Ya Tabbatar Wuta Ce Ta Ƙona Talabijin?

Ranka ya daɗe,

Na rubuto ne a kan garantin talabijin na bango, wanda jama'a ke kira filasma, da wata magana guda da ke kashe garantin nan kullum a shagunan kayan lantarki, daga Kano har Legas: wai wuta ce ta ƙona shi. Da zarar an faɗi haka, zance ya ƙare. Mai kaya ya ɗauki kwalinsa ya koma gida, ko ya biya kuɗin gyaran da ba a wuyansa yake ba. Roƙona shi ne hukumarka ta tilasta wa duk wanda ya yi wannan iƙirari ya kawo hujja a rubuce, domin a wuyansa doka ta ɗora kawo hujja.

Dokar da ta kafa hukumarka, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ba ta bar batun nan a duhu ba. Sashe na 132 ya ce duk kayan da aka sayar suna ɗauke da garantin inganci ko da ba a rubuta ba, kuma idan suka nuna aibi cikin wata uku da karɓarsu, mai saye yana da ikon mayar da su ga wanda ya sayar masa, ba tara, kuɗin ɗawainiya kuma na mai sayarwa ne, sannan a gyara, ko a canza, ko a maido masa kuɗinsa. Sashe na 145 ya ƙara da cewa idan aka yi zargin kaya na da aibi, wanda ya sayar ne zai kawo hujja. A kasuwa an kifar da wannan tsari. Mutum zai naɗe talabijin a bargo, ya rungume shi a bayan adaidaita sahu don kada gilashin ya fashe, ya isa shago da rasit a hannu, sai a ce masa su sayarwa kawai suke yi, ya nufi ofishin kamfani. A can za a karɓa, a ce ya jira kira. Bayan makonni sai a bugo waya a ce injiniya ya duba, wuta ce, garanti bai shafi wannan ba. Ba takarda, ba hoto, ba a nuna masa abin da ya ƙone. Wanda zai yi asara idan laifin na masana'anta ne, shi ne kuma alƙalin da ke yanke hukunci. An ba kura ajiyar nama.

Abin da ya ƙara min damuwa shi ne wannan hujja ba wuyar kawowa gare ta ba. Masu gyara sun sani cewa idan wuta ta zo da ƙarfi, galibi allon da ke karɓar wutar take fara duka, kuma tana barin shaida: fis ya yanke, wani ɗan ƙarfe ya yi baƙi ƙirin, wani ya kumbura, har ƙauri ake ji. Amma talabijin da ke magana ba hoto, wanda in ka haska fuskarsa da tocila za ka hango mutane suna motsi dishi-dishi, yawanci ƙananan fitilun da ke bayan gilashin ne suka mutu. Wanda ya fara jan layi daga sama zuwa ƙasa alhali ba a buge shi ba, sau da yawa gilashin ne ko mahaɗinsa. Gilashin kuwa shi ne mafi tsada a jikin talabijin, canza shi ya kusa kuɗin sabo. Nan ne dalilin da ya sa ɗora wa wuta laifi ke da daɗin faɗa.

Za a ce ai wutar ƙasar nan ba ta da tabbas, kuma gaskiya ne. Babban layin wuta na ƙasa ya faɗi sau da dama a 2024, gidaje da yawa kuma suna tsalle tsakanin wutar NEPA da janareto da sola a yini guda. Ba na musun cewa wuta tana ƙona kaya. Sai dai wanda ya shigo da talabijin Nijeriya ya san irin wutar da zai tarar, wasu kamfanonin ma har talla suke yi cewa nasu yana jure hawa da saukar wuta. Sashe na 131 ya ce kaya su yi ƙarko na lokacin da hankali zai ɗauka, bisa la'akari da yanayin da aka sayar da su a ciki. Ba daidai ba ne a yi tallar juriya ranar ciniki, a kuma fake da rashin kyan wuta ranar gyara. In da gaske wuta ce, a buɗe a gaban mai kaya, a ɗauki hoto, a rubuta sunan abin da ya ƙone, injiniya ya sa hannu.

Za a kuma ce masu saye ma ba waliyyai ba ne: yaro zai jefi gilashi da cokali, uba ya kawo ya rantse haka ya wayi gari ya gani. Akwai irin haka. Amma fashewa tana da wurin da ta faro, ido yana gani, kuma rahoton da nake nema shi ne zai wanke mai shago daga irin wannan ƙarya.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na ƙaramin ɗan kasuwa, wanda ribarsa a kan talabijin guda ba ta taka kara ta karya ba, ga shi ba shi ya ƙera ba. Ina tausaya masa, musamman tun da darajar naira ta faɗi a 2023 jari ya narke a hannun mutane. To amma a duba ɗaya ɓangaren. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne, talabijin matsakaici kuwa ya ninka haka, wani da adashi ya saya, wani kayan ɗakin 'yarsa ne. Tsakanin mai shago da wannan mutum, wa dila zai saurara? Mai shago yana sari a wurinsa duk wata, yana da bakin magana, mai saye kuwa ba shi da kowa. Kuma wannan ba baƙon hukunci ba ne a kasuwanninmu, domin fiƙihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa a zaure ya daɗe da ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya gano aibin da ba a bayyana masa ba. Akwai ma inda laifin na mai shagon ne kai tsaye: ya sayo kaya ta bayan fage, ba ta hannun wakilin kamfani ba, ya ce da garanti, sai an je ofis a duba lamba a ce ba su san wannan ba.

Na san hukumarka tana karɓar ƙorafi ta intanet, kuma ta sha bayyana cewa rubuta ba a mayar da kaya a jikin rasit ba ya soke haƙƙin mai saye. Amma wanda bai san yana da haƙƙi ba, ba zai kai ƙara ba. Katin garanti da Turanci yake, cikin ƙananan haruffa, alhali sashe na 114 ya ce a yi wa mai saye bayani da harshe mai sauƙin fahimta. Saboda haka ina roƙon ka fitar da ƙa'ida ga masu shigo da talabijin da dilolinsu: kada a ƙi karɓar garanti sai da rahoton injiniya mai hoto, wanda mai kaya zai iya kai wa wani mai gyara ko ofishinku a sake dubawa; shagon da ya karɓi kuɗi shi zai karɓi kaya ya bi kamfani; a kuma ƙayyade kwanakin gyara, in sun wuce a canza ko a biya. A fassara ƙa'idar da Hausa da sauran manyan harsuna, a liƙa a ƙofar kowane shago, a karanta ta a gidajen rediyo, a kuma haɗa hannu da hukumomin kare masu saye na jihohi, irin ta Kano, da shugabannin kasuwanni, domin su ne ke kusa da inda ake cinikin.

Allah ya taimake ka a kan wannan aiki.

Wassalam,
Wani mai bibiyar harkokin kasuwa, daga Kano