Agogon miliyan 6 a hannu: ado ne ko ajiya?



Maganar yau daga fada ta taso. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, muna zaune muna jiran shayi na biyu ya nuna, sai ga wani ƙanenmu ɗan kasuwa da bai yi sati da dawowa daga Dubai ba. Ya zauna yana ta naɗe hannun riga, alhali ba alwala zai yi ba. Kowa ya gane abin da yake so a gani. Agogo ne mai baƙar fuska, da sarƙar farin ƙarfe, da ƴar alamar kambi a sama. Rolex, samfurin da ake kira Submariner. Ya ce jika 400 ya saye shi, kuma wanda ya sayar masa ya rantse nan da shekara biyu kuɗinsa zai ninka. Ya dube ni ya ce: "Yaya, wannan fa ba ado ba ne, ajiya ce. Wallahi ya fi fili."

Wannan kalma ta "ya fi fili" ita ta hana ni barci, don ba daga bakinsa kaɗai na ji ta ba. Samari da yawa yanzu, daga Maraɗi har Yamai, suna kallon bidiyoyin mawaƙa da ƴan ƙwallo a salula, suna jin ana cewa agogo dukiya ce da ba ta faɗuwa. To ni mai son agogo ne, ba na ɓoyewa. Amma ina ganin ya kamata mu fara sanin me masu tara agoguna suke saye da kuɗinsu, kafin mu ce za mu bi sahunsu.

Abu na farko da zai ba ku mamaki: ba don ya fi faɗin lokaci daidai ake sayen agogo mai tsada ba. Yawancin manyan agogunan Suwis ba su da pil. Akwai wani siririn ƙarfe a ciki da ake naɗewa, ko dai ka yi masa wani da hannu, ko motsin hannunka ya riƙa naɗe shi, shi kuma yana warwarewa a hankali yana juya ƙananan ƙafafu masu haƙora. Hukumar da ke gwada irin waɗannan agoguna a Suwis, COSC, tana ba agogo takardar shaida in bai yi latti fiye da daƙiƙa 4 ba, bai kuma yi gaggawa fiye da daƙiƙa 6 ba a yini guda. A yini fa, ba a wata ba. Ƙaramin Casio na roba da yaro ke ɗaurawa zuwa lakkol ya fi haka riƙe lokaci nesa ba kusa ba. Salularka kuwa ta fi su duka.

Su kansu mutanen Suwis sun sha wuyar wannan gaskiya. A watan Disamban 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da pil da ƙaramin dutsen kuwaz da aka sa a kasuwa. Cikin ƴan shekaru irinsa ya yi araha ya cika duniya, masana'antun Suwis da yawa suka rufe, dubban ma'aikata suka rasa aiki. Waɗanda suka tsira sai suka sauya magana. Suka daina cewa "namu ya fi daidai", suka koma cewa namu aikin hannu ne, namu yana da tarihi, namu ba kowa ke samu ba. Kuma mutane suka karɓa. Abin da ake saye ke nan har yau.

Ku ɗauki Omega Speedmaster. A 1957 aka fara yin sa, don masu tseren mota. Hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta gwada agoguna da zafi da sanyi da girgiza, shi ne ya jure, ta amince da shi a 1965. Da aka sauka a duniyar wata a Yulin 1969, Neil Armstrong ya bar nasa a cikin kumbo, Buzz Aldrin ne ya fita da nasa ɗaure a hannu. Wannan agogon na Aldrin daga baya ya ɓace a hanya lokacin da aka aika shi gidan tarihi, har yau ba a gan shi ba. Duk mai sayen Speedmaster a yau, rabin kuɗinsa wannan labarin yake biya. Ni kaina in da za a ce in zaɓi ɗaya a cikin manyan, shi zan ɗauka, don labarinsa na gaske ne, ba ɗan talla ne ya ƙirƙira shi ba.

Na Rolex Daytona ya fi ban dariya. Ya fito a 1963, kuma wani nau'insa mai fuska ta daban ya daɗe a shaguna ba a rububinsa. Sai aka riƙa ganinsa a hannun ɗan wasan fim na Amurka Paul Newman, wanda kuma yake tseren mota. Matarsa Joanne Woodward ce ta ba shi, ta sa aka zana masa ƴar gajeriyar magana a bayan agogon tana roƙonsa ya yi tuƙi a hankali. A Oktoban 2017 aka yi gwanjon wannan agogon a New York, aka saye shi dalar Amurka miliyan 17.8, wato kusan miliyar 10 na kuɗinmu na sefa. Ba zinariya ba ne, ba lu'ulu'u a jikinsa. Farin ƙarfe ne.

Nan ne wurin da na fi so mu tsaya, don mu a nan in an ce abu mai tsada, zinariya ke zuwa mana a rai. Su masu tara agoguna, waɗanda suka fi haukacewa a kai na ƙarfe ne. Wani mai zanen agogo da ake kira Gérald Genta shi ya jawo haka. A 1972 aka fito da agogon da ya zana wa kamfanin Audemars Piguet, Royal Oak, mai baki kusurwa takwas da ƙusoshi takwas a fili kowa na gani, aka sa masa kuɗin da ya wuce na agogunan zinariya da yawa. Mutane suka ce wa zai sayi ƙarfe da wannan kuɗi? A 1976 aka fito da wani da ya sake zana wa Patek Philippe, Nautilus, wanda siffarsa ta yi kama da tagar jirgin ruwa. Yau waɗannan biyun su ne sarakunan fage. Agogon hannu da ya fi kowanne tsada a tarihin gwanjo ma na ƙarfe ne: Patek Philippe Grandmaster Chime, guda ɗaya tak aka yi irinsa, aka sayar a Jeneba a Nuwamban 2019 a kan faran na Suwis miliyan 31, fiye da miliyar 18 na sefa. Ko ba komai, namiji musulmi da malamai suka hana ɗaura zinariya ba shi da matsala da wannan ɓangaren. Matsalarsa aljihu ce.

Me ya sa ƙarfe zai yi wannan kuɗi? Ƙaranci. Patek Philippe ba ya yin agogo dubu 100 a shekara. Rolex ba ya faɗin adadinsa, masu lissafi na ƙiyasta wajen miliyan ɗaya, amma masu nema sun fi haka yawa. Ka shiga shagon dillalinsu na hukuma a Turai da kuɗinka a hannu ka ce a ba ka Daytona na ƙarfe, sai a yi maka murmushi a rubuta sunanka a ce ka jira. Wani ya shekara da shekaru yana jira. Wanda ba zai iya jira ba sai ya tafi wurin ƴan kasuwar bayan fage ya biya fiye da kuɗin shago. Daga nan maganar "agogo ajiya ce" ta samo asali, kuma akwai lokacin da ta yi kama da gaskiya.

Lokacin annobar korona ne abin ya kai ƙarshe. Masu kuɗi suna zaune a gida, ba tafiya, ba biki, kuɗin intanet irin su Bitcoin suna ta hawa, sai aka afka wa agoguna. Patek ya sanar zai daina yin Nautilus na ƙarfe mai lamba 5711, kuɗinsa a hannun ƴan kasuwa ya ninka na shago sau uku, sau huɗu. A Disamban 2021 aka sayar da ɗaya daga cikin guda 170 masu fuska shuɗiya da aka yi tare da kamfanin Tiffany a kan dala miliyan 6.5. Sai kuma a cikin 2022 bankuna suka ƙara kuɗin ruwa, Bitcoin ya rikito, farashin agoguna na hannu ya bi shi ƙasa, ya daɗe yana sauka. Wanda ya saya a farkon 2022 da niyyar cin riba, da yawansu har uwar kuɗin ba su mayar ba. Wannan ɓangaren ne masu bidiyo ba sa faɗi.

To wannan a can ke nan, inda akwai gidajen gwanjo, da masana masu tantancewa, da masu saye a shirye. Mu dawo gida. A ce ma agogonka na gaske ne, da kwalinsa da katinsa na garanti, ka biya wajen miliyan 6 a kan sabon Submariner na ƙarfe. Ranar da buƙata ta taso, matarka na asibiti ko kayanka sun maƙale a duwan, wa za ka kai wa? Saniya in ka kora ta kasuwa da safe, kafin azahar ka ƙirga kuɗinka. Fili a Damagaram ko Tawa, maƙwabcinka ma zai saya, kuma kowa ya san iyakarsa. Buhun gero ba ya buƙatar masani ya duba shi da tabarau. Agogo kuwa, mutum nawa ne a garinku za su iya bambance na gaske da jabu, balle su cire miliyoyi su ba ka? Duk wanda ka kai wa, abin da zai fara tunani shi ne na bogi ne, kuma ba za ka ga laifinsa ba, don da yawa daga cikin waɗanda yake gani a hannun mutane hakan suke. Dukiyar da sai ka hau jirgi kafin ka sami mai sayenta ba ita ake kira ajiya a wurin ɗan kasuwa mai juya jari ba.

Ga kuma gyara. Injin irin wannan agogo yana da man shafawa a ciki da ke bushewa, kamfanin Rolex da kansa yana ba da shawarar a kai shi a duba kamar duk shekara 10. Da zafinmu da ƙurar hunturu, wataƙila ba zai kai haka ba. Gyaran na hukuma sai an fita da shi wata ƙasa, kuɗin kuma ya isa ya sayi babur na hannu. Submariner an yi shi ne don masu nutso a teku, na farko a 1953 yana jure zurfin mita 100, na yanzu mita 300. Mu da ruwanmu mafi zurfi shi ne kogin Kwara da gulbin Maraɗi in damina ta yi kyau, wannan mita 300 ɗin kuɗi ne kawai muka biya.

Kar a fahimce ni baibai. Ban ce mai hali kar ya saya ba. Alhajin da Allah ya hore wa, ya fitar da zakka, ya sauke nauyin gida, in ya ga dama ya ɗaura Patek, wannan tsakaninsa da aljihunsa. Muna sayen shadda mai tsada, muna biyan ɗinkin hannu na babbar riga wata da watanni, ba wanda ya ce don ta fi rufe jiki ne. Son abu mai kyau ba laifi ba ne, kuma wanda ya taɓa ganin cikin injin agogo na gaske, ƙananan ƙarafa fiye da ɗari suna motsi tare ba wuta ba pil, ya san akwai abin sha'awa a wurin. Abin da na ƙi shi ne a kira shi jari. Ka saye shi kamar yadda kake sayen riga, da kuɗin da in sun tafi ba za ka yi kuka ba.

Kuma in son agogon ne da gaske, ba son a gani ba, ƙofa a buɗe take da kuɗi kaɗan. Iyayenmu sun riga mu sani. Seiko 5, wanda aka fara yi tun 1963, da Orient, su ne tsarabar alhazai a da. Su ma ba pil, motsin hannu ke tafiyar da su, dabarar ɗaya ce da ta manyan Suwis, sai dai ƙyalli da suna. Na mahaifina yana hannuna yanzu haka, gilashin ya ɗan dushe, an sauya masa sarƙa sau biyu, yana ƙara kusan minti ɗaya a kwana biyu, ni kuma ina mayar da shi duk Juma'a. Masu tara agoguna na Turai da Asiya ba sa raina Seiko, da yawansu da shi suka fara. Na gaske na jika 80 ya fi jabun miliyan mutunci a idon wanda ya san abin.

Shi ƙanen namu, na matsa masa washegari muka tafi kasuwa wurin wani dattijo mai gyaran agogo, irin masu ƴar akwatin gilashi a gaban tebur. Ya karɓa ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya kanga a kunne, ya sa tabaransa na ido ɗaya ya daɗe yana kallon rubutun fuskar. Sannan ya buɗe bayan. Bai ce komai ba sai da ya mayar ya ɗaure.

Ya ce: "Ɗana, nawa ka ce ka saye shi?"

"Jika 400, Baba."

"To, yana tafiya dai, injin ba laifi. Amma wanda ya yi shi bai taɓa taka Suwis ba. In ka matsu, zan ba ka jika 15."

Yaron ya kira lambar mutumin Dubai sau uku a gabana, ba ta shiga. Jiya ya zo fada da agogon a hannu, sai dai wannan karon hannun rigar a sauke yake har wuyan hannu, kuma da aka tambaye shi ƙarfe nawa, salula ya ciro.