Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Ya ku 'yan makaranta, musamman ku na Malali da kewayenta, ga wata tambaya: wane ne kakan kakanku, kuma me ya fito da shi daga garinsu? Mun san in aka ce a kawo labarin Bayajida da macijiyar Kusugu, hannuwa za su tashi kamar dawa a gona. In aka zo ga wannan kuwa, sai kowa ya shiga sosa ƙeya. To, abin kunya ne.

Ku duba garin da kuke zaune. Kaduna ba tsohon birni ba ne kamar Kano ko Zariya. Gbagyi ne a wannan ƙasa tun kafin zuwan Turawa, sai a 1917 Gwamnati ta taso daga Zungeru ta zauna nan. Sa'an nan mutane suka yi ta kwararowa: soja, da leburorin jirgin ƙasa, da akawuna, da kuku, da fatake, daga baya kuma ma'aikatan masaƙa. Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke nan Malali, wadda aka buɗe a 1973, ita ma ta tara yara daga ko'ina. Watau kusan kowane gida yana da labarin tafiya, kuma ba a ajiye shi a ofis ba, yana bakin tsofaffi.

Waɗansu daga cikinku, da sun iya 'yan kalmomin Turanci, sai su ce zancen kaka ai tatsuniya ce. Ashe? Akwai wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, ana ce mata Baba ta Karo, ba ta taɓa zaman aji ba. A 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna gabanta tana rubuta abin da take faɗi: yadda kakanninta suka taso daga Barno, da yadda ake zama a rinji, da harin masu kamun bayi, da aure, da suna. A 1954 aka buga littafin a Ingila, har yau masana suna karanta shi. Baturiya ta ƙetaro teku don ta ji tsohuwa, kai kuwa taka tana ɗakin baya, ba ka ko tsaya ka gaishe ta da kyau!

Amma ba waɗannan ne suka fi ba mu haushi ba. Masu aron asali su ne. Ka tambayi mutum, sai ya gyara zama ya ce su daga Bagadaza suka zo, ko daga Yamal, ko su sharifai ne, ko jinin sarauta ne aka yi musu ƙwace. Ba mu ce babu masu wannan asali da gaske ba, akwai su, kuma an san su. Amma in kowa ɗan sarki ne, wa ya yi noman da sarakunan suka ci? Wa ya tsaya a bakin marina a Ƙofar Mata, wa ya hura zuga, wa ya kora jaki zuwa Gwanja ya komo da goro? Sai mutum ya binne kakansa maƙeri don ya ɗauko wani baƙo da bai san shi ba. Wanda kakansa ya fito daga rinji kuwa, ya fi kowa ɓoyo, alhali ba a gama soke bauta da doka a Arewa ba sai 1936, kuma kunyar tana kan wanda ya kama mutum ya sayar. Ko labarin Bayajidan nan, Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya kafa Arewa House nan Kaduna a 1970, ya nuna ba za a ɗauke shi a kan shi ne mafarin Hausawa ba. In na garuruwa bakwai ya sha bincike haka, ina ga na gida guda?

Kada ku zaci abin wasa ne. Ran da za ku nemi makaranta ko aiki, za a ce ku kawo takardar shaidar ƙaramar hukumarku, sai ɗan Malali ya tafi neman ƙauyen da bai taɓa takawa ba. In ya san sunan unguwa, da sana'ar gidan, da irin zanen da ke fuskar kakansa, dagaci zai gane shi. In kuwa Bagadaza kaɗai ya riƙe, sai ya tafi can a ba shi.

Saboda haka in an yi hutu, ku sayi littafin rubutu, ku zauna gaban kaka da ladabi. Ku tambayi sunaye har inda ta iya kaiwa, da garuruwan da aka yada zango, da su wa gidanku ke wasa da su, ko Barebari ne, ko Zagezagi. In ita da kawu sun saɓa, kada ku zaɓi mai daɗin ji, ku rubuta duka biyu, kowanne da sunan mai shi da ranar da ya faɗa.